Jirgi Ya Haɗiye Jirgi

Ni ne Amílcar na tashar Peniche.
Shekara talatin da ɗaya ina jan koma a tekun nan,
ban taɓa biyan kowa ko sisi don ya bar ni in yi aiki ba.
Kifi ya zo, a raba.
Bai zo ba, a raba yunwar.

Ɗana Telmo tun yana ƙarami ba ya kallon ruwa.
Ka miƙa masa igiya, idonsa na can bisa
yana bin farin zaren da jirage ke ja
daga Lisbon zuwa inda ba mu sani ba.
Graciete ta ce, ƙyale shi, wuyansa zai gaji.
Wuyan bai gaji ba.

Makarantar tuƙi ta cinye gidan kakarsa.
Ya fito da lasisi, da awa ɗari biyu a littafi,
da farar riga ta sha guga.
Muka gasa kifin sadin a ƙofar gida, unguwa ta taru.
Na ɗauka mun kai gaɓa,
ashe nan ne ruwan ya fara zurfi.

Suka ce kowane babban jirgi da takardarsa,
takardar kuma yuro dubu ashirin da takwas.
Na kwana uku ban ce uffan ba.
A na huɗu na sayar da jirgina.
Wanda ya saya ko sunan bai bari ba,
ya bi shi da shuɗin fenti ina tsaye.

Mako shida yaron ya yi a Vilnius
cikin wani akwati mai ƙafafun ƙarfe,
ya karkata, ya girgiza, bai tashi ko taku ɗaya ba.
Gobarar ƙarya, hadarin ƙarya, mutuwar inji ta ƙarya.
Kuɗin ne kaɗai na gaske.

Ya aika takardun neman aiki arba'in da bakwai.
Uku suka amsa, bakinsu ɗaya:
sai mai awa ɗari biyar a irin wannan jirgin.
To a ina ake samun awowin?
Wani dillali mai taushin murya ya ce a waya:
ana sayarwa.

Graciete ta cire sarƙar da uwarta ta bar mata.
Banki ya ƙarasa sauran, ya riƙe takardar gidanmu.

Yanzu yana Makassar, a kujerar dama,
mutum ɗari da tamanin a bayansa,
kowa ya biya kuɗin kujerarsa,
ba su san wanda ya fi su biya yana can gaba ba,
hannunsa a kan rayukansu.
An ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Wannan kurar ita ke sayen sandar.

Su huɗu ne a ɗaki, shinkafa da ƙwai safe da dare.
Rannan na ji muryarsa ta toshe.
Na ce, zazzaɓi ne, kwanta.
Ya ce, Baba, wanda ya kwanta an ba wani layinsa,
awa biyar ce gobe, na riga na biya.
Ban yi barci ba sai da ya rubuto: mun sauka.

A bangon kicin nake lissafi da alli.
Ɗari uku da goma sha biyu.
Graciete ba ta so, ta ce yana ɓata fenti,
amma na kama ta tana gyara wata bakwai da ta goge.

Babu wanda ya yi alkawarin aiki bayan ɗari biyar.
Na tambaya. Sau biyu na tambaya.

Da asuba nakan sauka tasha da ƙunshin burodina
in hau shuɗin jirgin nan a matsayin ɗan ƙwadago.
Na san inda katakonsa ke kuka, na san inda yake yoyo.
Mai shi yaro ne, yana ce mini kawu.
Ran Asabar yakan ƙirgo lada ya sa mini a hannu.

Ni dai har yau biyana ake yi.